Daidaita Baki da Murya a Zane Mai Motsi na Talabijin

Zane mai motsi, wanda aka fi sani da katun, jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa da sauri har ido ya ɗauka motsi suke yi. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Moustapha Alassane (1942-2015), wanda ya daɗe yana zaune a Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ya fitar da Bon voyage Sim a 1966, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa, kuma da hannu ya zana shi. Yanzu aikin ya koma kan kwamfuta. Da ita aka shirya Bino and Fino na Adamu Waziri, wanda ya fara fitowa daga Abuja a 2010.

Kafin gidan talabijin ya karɓi irin wannan aiki, dole ya dace da ma'auninsa. Tsarin PAL, wanda Nijeriya ta ɗauka, hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa ɗaya, wato 1,500 ke nan a minti guda. Tsarin NTSC na Amurka kuwa kusan 30 ne. Fim ɗin da aka shirya a kan 24, irin na silima, akan ƙara masa sauri da kimanin kashi 4 cikin ɗari, sai murya ta ɗan sirance. Wannan ba ya ɓata karin sautin Hausa, domin dukkan gaɓoɓi tare suke hawa. Akwai kuma batun nisanta rubutu daga gefen allo da rage kaifin launi, amma wannan na injiniya ne.

Inda ɗalibin harshe ke da ta cewa shi ne wajen baki. Murya ake fara ɗauka, sannan a ƙidaya hoto nawa kowace gaɓa ta ci, a zana siffar leɓɓa daidai da ita. Alal misali, dafa abinci da dafa kafaɗa rubutunsu ɗaya ne a daidaitacciyar Hausa, amma wasalin farko na dafa kafaɗa dogo ne. Mai zanen da ya dogara da takarda kawai zai rufe bakin tun muryar ba ta ƙare ba.

Baƙin /f/ ya fi wannan rikitarwa. A Ingilishi haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, kuma haka jadawalin siffofin baki na littattafan koyon katun ke nuna shi. A Hausar Kano kuwa baleɓe ne: leɓɓan biyu ke matsowa kusa da juna, ba ruwan haƙori. A Sakkwato da Tawa fari kan zama hwari, inda leɓɓa ke kewayewa. Saboda haka sai an tsai da karin harshen da za a yi amfani da shi kafin a fara zane.

Juya katun daga Ingilishi ya fi wuya, don an riga an zana bakin. Mai fassara zai nemi jimlar da tsawonta ya yi daidai, kuma /b/, /ɓ/ da /m/ su faɗo a inda leɓɓa suka haɗu, ko da hakan zai sa ya bar kalmar da ta fi dacewa da ma'ana.