Furen Zinniya: Abin Da Yake So Da Abin Da Ke Kashe Shi

Zinniya fure ne da asalinsa ya fito daga Meziko, dangin furen sanfulawa, kuma yana fitowa da launuka iri-iri: ja, ruwan ɗorawa, fari, ruwan hoda da shunayya. Shuka ce ta shekara guda mai son zafi, shi ya sa take yin kyau a ƙasashe masu rana. Ba ta da wuyar sha'ani, har an taɓa shuka ta a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda ta yi fure a watan Janairun 2016. Duk da haka tana yawan lalacewa a hannun masu gida, kuma galibi yawan tattali ne sanadi.

Rana ce abu na farko. Zinniya na buƙatar aƙalla awa 6 na hasken rana a kullum. Idan aka ajiye ta a barandar da inuwa ta rufe, sai ta yi tsawo, ta yi siriri, furen kuma ya ƙi fitowa. An fi so a shuka irin kai tsaye a inda zai zauna, domin saiwarta ba ta son dashe. A binne shi sama-sama, kada zurfin ya wuce rabin santimita. Cikin mako guda yake tsirowa, fure kuma ya biyo baya cikin kimanin wata biyu. Da tsiron ya yi ganye, a rage shi, a bar tazarar santimita 20 zuwa 30. Mutane da dama kan ji tausayin cire tsiro mai lafiya, amma cunkoso ne ke fara jawo cuta.

Babbar matsalar ita ce ban ruwa. Wanda ke watsa ruwa a kan ganye, musamman da yamma, yana gayyato fumfuna. Alamarta a fili take: ganyen ƙasa ya fara yin fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, daga nan ya yi rawaya, ya bushe, cutar ta yi ta hawa sama. Ruwa a gindi ake zubawa, da safe, bayan an tsoma yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Ganyen da ya kamu a tsinke shi a zubar da nisa, kada a bar shi a gindin shukar.

Masu shuka a baranda su tabbata tukunya ko bokitin na da huji a ƙasa, su haɗa ƙasar da ɗan rairayi da ruɓaɓɓen taki, su kuma zaɓi gajeren iri. Tukunyar da ta sha ruwa tana da nauyi, don haka ba a ɗora ta a bakin katanga, inda iska ko yaro zai iya turo ta kan mai wucewa. Yawan takin zamani ma ganye yake ƙarawa, ba fure ba.

Idan tsiron ya kai kamu ɗaya, a tsinke kansa don ya yi rassa, kuma duk furen da ya yi yaushi a yanke shi, wani zai fito. Mai son iri ya bar 'yan furanni su bushe a jikin shukar kafin ya murje su. Idan kuwa ƙwarin darɓa suka kama shukar, ruwan sabulu mara ƙarfi ya ishe su. A guji fesa maganin ƙwari a lokacin fure, domin yana kashe ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da ke zuwa kansa.