Me ya sa gidajen gem ke rufewa a gida? Lissafin da ya kamata ka yi kafin ka tura wa ƙaninka PS

Mu 'ya'yan Kara ba ma yin Babbar Salla a gida, kowa ya san wannan. Sai an gama cinikin raguna, an biya direbobi, an raba la'ada, sannan mutum ya samu kansa. To bana bayan Salla da kwana biyar na bar Agege na tafi gida Disina. Ga wanda bai san wurin ba, Disina tana ƙaramar hukumar Shira ne a jihar Bauchi, ƙasar Katagum, kuma idan muna neman kayan wuta ko gyaran na'ura Azare muke zuwa, in abin ya fi ƙarfin Azare sai Kano.

Washegari da la'asar na nufi shagon da muka ƙarar da ƙuruciyarmu a ciki muna buga bal a talabijin. Bencin yana nan, amma babu talabijin ko ɗaya. An jera soket a bango ana cajin waya, ga ɗan teburin POS a bakin ƙofa. Mai shagon yayanmu ne a unguwa. Na ce masa, "Yaya, ina kayan?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, suna ƙarƙashin gado. Gem ba ya ciyar da gida yanzu."

Dalilin wannan rubutu ke nan. Na san da yawa a cikinmu, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, na Sabo a Ibadan, har da 'yan'uwanmu na Lokpanta da Fatakwal, akwai wanda ƙaninsa ke damunsa a waya: "Yaya, ka sayo min PS in buɗe gidan gem." Nima nawa ya dame ni. Kafin ka shiga Alaba ko Computer Village ka zube kuɗin guminka, ga yadda lissafin yake.

Abu na farko da za a gane, a garuruwa irin namu ba a mallakar gem, haya ake yi. Ban san yaro ko ɗaya da muka taso tare da yake da PS nasa na kansa a ɗaki ba. Mutum ɗaya ne zai sayi na'ura biyu ko uku, ya haɗa da talabijin da janareto, yara su zo su biya kuɗin wasa ɗaya, minti goma, wanda aka ci shi ne zai biya. Haka muka yi zamanin PS2 da PES, haka aka yi da PS3, har aka zo PS4. Lokacinmu naira 20 ne, daga baya ya koma 50. Saboda haka idan ana maganar tsadar gem a Disina, aljihu biyu ake magana: na mai shago da na yaron da ke zuwa da canji a hannu. Matsin da ake ciki ya taɓa duka biyun a lokaci guda.

Mu fara da mai shago. Babu abin da ake ƙerawa a Najeriya cikin kayan nan. Na'urar, hannun da ake riƙewa ana dannawa, wayar da ke haɗa ta da talabijin, duk da dala ake shigo da su. Kamfanin Sony na Japan ya fito da PS5 a watan Nuwamba na 2020 a kan dala 499. A lokacin dala ba ta kai naira 500 ba a wajen 'yan canji, wato farashin kamfani bai wuce naira dubu 250 ba, duk da cewa 'yan kasuwa sun ɗora nasu sosai saboda ƙarancinta. A farkon 2023 dala ta kai wajen 750. A watan Yuni na shekarar Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta wuce 1,500, har ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage kafin ta ɗan sauko. Ka ɗauki 1,500 ɗin ka buga da 499, kusan dubu 750 ke nan, ba a sa kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa ba.

Wani abin kuma, da can idan na'ura ta kwana biyu a kasuwa farashinta sauka yake yi. Wannan karon ba haka ba ne. A watan Agusta na 2025 Sony ƙara dala 50 ya yi a kan PS5 a Amurka. Faifan wasan bal ɗin da kowa ke so, wanda da ake kira FIFA, tun 2023 ya koma EA Sports FC, sabonsa dala 70 ne. A canjin 1,500 dubu 105 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 dubu 70 ne. Wato ma'aikaci ya kwashe albashin wata ɗungurungum bai sayi faifai ɗaya ba.

Za ka ce ai ba wanda ke sayen sabo a ƙauye, kuma gaskiya ne. 'Yan kwatano muke saye, a kai su Azare ko Kano a loda musu wasanni a ciki. Amma na hannun ma dala yake bi, don daga waje ake kwaso shi. Kuma abin da ke cin mai shago a hankali ba na'urar ba ce, hannu ne. Yara ashirin suna murza shi kullum, wani ya ji haushi an zura masa ƙwallo ya buga shi da benci. Na asali yana da tsada, jabun kuma wata biyu ya fara jan ɗan wasa hagu kai ba ka taɓa komai ba. Shagon da hannunsa ya lalace, yara ba sa jira, gaba suke yi.

Duk da haka ba dala ce ta rufe shagon yayan namu ba. Kayansa tsofaffi ne, ya riga ya mayar da kuɗinsu tuntuni. Fetur ne ya kashe shi.

Wutar Nepa a wajenmu baƙuwa ce, ba a gina sana'a a kanta. Ko manyan garuruwa ma kun tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da yawa har da Bauchi suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Don haka gidan gem janareto ne ransa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Lita tana ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati, cikin kwanaki ta haura 500, a Yuli ta kai 617 a Abuja, a Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Ta ɗan sauko daga baya, amma ba ta koma ko kusa da inda take ba. Mu kuma a ƙauye sau da yawa a hannun 'yan bumburutu ake saye, da nasu ƙarin a kai.

Ga lissafin da ya yi min a ƙasa da tsinke. Ƙaramin injinsa lita ɗaya takan kai shi kamar awa biyu. Talabijin ɗaya ba ya wuce wasa biyar a awa, don yara sai sun ɓata lokaci wajen zaɓen kulob da jera 'yan wasa, ga musun wa zai ɗauki Madrid. A da, wasa naira 50, talabijin uku, idan sun cika yana haɗa 750 a awa, mai kuma na naira 100 ya ƙone. Ko talabijin ɗaya ne ke aiki yana samun 250, bai faɗi ba. Yanzu man awa ɗaya ya kai naira 500 idan ka haɗa da baƙin mai. Ya mayar da wasa naira 100. Idan duka ukun sun cika, 1,500, akwai riba. Idan ɗaya ne ke aiki, 500, ya yi wa mai gidan mai aiki ke nan kyauta. Kuma inji bai san yawan mutanen da ke cikin shago ba, yaro ɗaya ne ko goma, man da zai sha ɗaya ne.

Nan ne matsalar take. Da shago yana iya buɗewa tun hantsi ya jira masu zuwa. Yanzu ba zai tayar da inji ba sai ya ga taro, taro kuma ba ya haɗuwa a shagon da ke rufe. Sai abin ya koma ranar kasuwa, da Juma'a bayan an sauko, da kwanakin Salla. Kuɗin haya kuma ba ya hutu.

To me ya hana ya mayar da wasa 200? Sai mu koma ɗaya aljihun. Yaron Disina ba albashi yake da shi ba. Kuɗin gem ɗinsa daga canjin aike ne, ko ladan dako a kasuwa, ko ƙwadagon gona da damina, ko ɗan abin da yayansa na Kurmi ya turo. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari, a Disamba kuma hauhawar gaba ɗaya ta kai kashi 34.8. Ma'anar wannan a gida ita ce uwa ba ta barin canji. Idan ta aike ka awo da dubu biyu, cikowa za a nema, ba ragowa ba. Yaron da ya samu naira 100 kuma bai karya ba, tsakanin awara da minti goma na bal ba sai an ba shi shawara ba.

Mu ma da ke turawa mun san halin da muke ciki. Kuɗin tirela daga Arewa zuwa Legas ya tashi, dizal ya yi tsada, ga abin da ake tsinta a hannun direba a kowane shinge. Mahauta suna karɓar shanu bashi saboda masu cin nama sun rage. Wanda da yake tura wa ƙanne "na kashewa" daban, yanzu kuɗin hatsi kawai yake iya turawa.

Amma kar a ɗauka yara sun daina wasa. Waya suka koma. Konami ya mayar da PES eFootball a 2021, kuma kyauta ake sauke shi. Ga Dream League Soccer, ga Free Fire. Yaro ɗaya zai sauke, sauran su karɓa ta Xender, a zauna a gindin dalbejiya ana karɓa-karɓa da waya ɗaya. Sai dai kyautar tana da ƙaya. Waya mai ƙarfin ɗaukar wasannin nan ita ma dala take bi. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ga kuɗin caji kullum, don wasa yana shan batir kamar me. Kun ga abin dariyar: yaran da suka daina biyan yayanmu kuɗin gem, su ne ke biyan sa kuɗin caji don su je su buga gem.

Na ji dattawa suna cewa gara da aka rufe, dama wurin ɓata yara ne. Ba zan ce ba su da hujja ba. Mun sha tsallake Islamiyya saboda shi, mun sha bulala a kai, kuma wasu kan sa kuɗi a tsakani abin ya zama caca. Amma a shago akwai babba. Ana kiran salla zai kashe inji ya kora kowa masallaci, wanda ya yi ashar ya fitar da shi. Wayar da ke aljihun yaro ba ta da mai kashe mata inji, kuma a cikinta ne tallan cacar ƙwallo ke biyo shi har shimfiɗa. Ni a ganina wannan ya fi abin tsoro.

Idan duk da haka kana son ka kafa wa ƙaninka, ga abin da na fahimta. Kar ka fara da na'ura, fara da wuta. Sola da batir suna da tsada a tashin farko, amma su ne ke raba ka da lissafin lita. Kuma a nan PS5 ba ta dace ba ko da kana da kuɗinta: tana jan wuta wajen wat 200 idan ana wasa, siririyar PS4 kuwa kusan rabin haka, sannan yaron ƙauye ba zai biya ninki biyu don ciyawar fili ta fi kyau ba. Ka ware kuɗin hannu na ajiya. Idan za ka saya a Alaba, a kunna maka ita ta yi awa guda a gabanka ka ji ko tana zafi ko fanka na ihu, don in ta isa Disina ta mutu ba mai mayar maka. Sannan kar gem ya tsaya shi kaɗai, a haɗa da caji ko nuna ƙwallo ko sayar da ruwan sanyi. Ka kuma sani ciniki na kaka ne da Salla. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shago zai yi shiru.

Da na kai wa Baba maganar ƙanena, bai tambayi mene ne PS ba. Cewa ya yi, "Nawa ne abin a kuɗin tumaki?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tunkiya tana haihuwa. Wannan fa?" Na ce ba ya haihuwa, Baba, tsufa ma yake yi. Ya ce to a saya wa yaro tumaki biyu, sauran maganar mu ƙarata tsakaninmu.

Abin da muka yi a ƙarshe, ban sayi sabuwar na'ura ba. Na yi magana da yayan namu ya fito da PS4 ɗaya daga ƙarƙashin gado, ni na kawo faifan sola da batir da hannu biyu, ƙanena ke zama daga la'asar zuwa isha, a raba abin da aka samu. Talabijin ɗaya ne, wasa naira 100. Shekaranjiya ya kira ni ya ce ranar kasuwa sai da aka yi layi, amma ranar Talata wasa huɗu kacal aka buga. Ya ce kuma hannu ɗaya ya fara jan hagu, in na samu mai tahowa gida in aiko da wani.