Me ya sa manhaja ke rufewa idan ka ɗora hoton gonarka?

Makon jiya wani ɗan ƙungiyarmu a Ƙauyen Alu, mai noman tumatir a Kadawa, ya zo min da ƙorafi. Ya ga ganyen tumatirinsa ya fara yin fari-fari, yana zargin sharon ce, tsutsar nan da ta cinye tumatirin Kano a 2016. Ya ɗauki hoto zai saka a manhajar gane cutar shuka, sai ta daskare ta rufe kanta, har sau uku. Ya je kasuwar waya ta Farm Centre ya sayo katin memori, amma ba ta canja zani ba.

To, ga abin da ke faruwa. Wayarka tana da rumbu, tana kuma da wurin shanya. Rumbun shi ne inda hotuna ke ajiye, kuma shi kaɗai katin memori ke ƙarawa. Wurin shanyar shi ake kira RAM, a nan waya ke baje duk abin da take aiki a kansa. Yawancin ƙananan wayoyinmu gigabait 1 ko 2 gare su, kuma Android ɗan kaso take yanka wa kowace manhaja.

Hoto a rumbu kamar buhu ne a ɗaure, megabait 3 ko 4. Amma kafin manhaja ta rage girmansa sai ta zazzage shi. Hoto mai megafiksel 12 ɗigo miliyan 12 ne, kowane ɗigo yana cin bait 4, ka ga megabait 48 ke nan. Mai megafiksel 48 kuwa ya kai 192. Manhajar da aka tsara da kyau tana rage shi tun wajen zazzagewa, amma ba kowacce ba. Wurin shanya na cika, shi ke nan, ta faɗi.

Maganin yana hannunka. Shiga saitin kyamara ka sauke girman hoto zuwa megafiksel 5 ko ƙasa da haka. Ni dai ban taɓa kasa gane cuta don hoto ƙarami ne ba, dishi-dishi ne ke ba ni wahala. Ka matsa kusa da ganyen cikin haske, ka ɗauki samansa da ƙasansa. Kafin ka ɗora, rufe Facebook da TikTok, sannan ka riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya.

In hoton ya riga ya yi girma, gona kuma ta yi nisa, tura wa wani a WhatsApp a matsayin hoto, kada ka zaɓi fayil. WhatsApp zai rage shi da kansa, sai a dawo maka da shi ka saka.

Haka muka yi da mutuminmu, hoton ya shiga nan take. Sharon ɗin ce kuwa, washegari da sassafe ya kama hanyar Kadawa.