Rajistar na'ura mai ƙwaƙwalwa: da wane agogo ake rubuta ta?

Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe rajistar ofis ya san cewa takardar da aka shigar ba kwanan wata shaidarta rabi ce. Haka abin yake ga na'ura mai ƙwaƙwalwa. A cikin tsarin da ke tafiyar da ita akwai wani sashe da ake kira zuciyar tsari, wanda ke raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwa da faifan ajiya da sauran sassa. Muhimman abubuwan da suka faru, zuciyar tana rubuta su layi bayan layi. Ranar da na'urar ta cije, wannan rajista ita ce shaidar da mai gyara zai dogara da ita.

Ga misalin Linux, tsarin da Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan, ya fito da shi a shekarar 1991. Idan aka buɗe rajistarsa da umarnin dmesg, a farkon kowane layi ana ganin lamba kamar 5400.123456. Wannan lamba yawan daƙiƙu ne tun daga lokacin da aka kunna na'urar. Ke nan in an kunna ta ƙarfe 8 na safe, abin ya auku ƙarfe 9 da rabi. Alƙaluma 6 na bayan ɗigo suna raba daƙiƙa guda kashi miliyan, domin matsalar da ta kayar da na'ura da wadda ta biyo bayanta sukan zo cikin ƙiftawar ido, kuma tilas a san wadda ta riga.

Dalilin wannan ƙidaya shi ne, agogon rana ana iya tura shi gaba ko a mai da shi baya, amma ƙidayar daƙiƙu ba ta ja da baya.

Sai dai akwai tarko. Umarnin dmesg -T yana juya lambobin zuwa kwanan wata da sa'a, amma ƙidayar tana tsayawa muddin na'urar tana barci. Idan ta yi barcin awa 2, sa'ar wasu layuka tana iya kaucewa da awa 2. Mai gyaran da bai lura ba sai ya ɗora laifi kan ɗaukewar wutar da ba ta da hannu cikin lamarin.

Tarko na biyu yana ga tsohon salon syslog, wanda ke rubuta wata da rana da sa'a, ba shekara, ba yankin lokaci. Ƙa'idar da aka fitar a 2009 ta gyara wannan bisa tsarin ISO 8601: shekara, wata, rana, sa'a, sannan tazarar agogon wurin da agogon duniya. Agogon Nijar yana gaban na duniya da awa 1, saboda haka na'urar da ke Yamai, in an saita ta kan agogon duniya, za ta rubuta ƙarfe 13 alhali na bango yana nuna 14.

Don haka ya kamata ma'aikacin da na'urarsa ta cije ya rubuta sa'ar da abin ya faru nan take, ya faɗa wa mai gyara lokacin da aka kunna ta, da kuma ko ta yi barci a tsakani. Da waɗannan bayanai 3 ne za a daidaita rajistar na'ura da agogon bango.