Tsohon jirgin ƙasa na wasa: abin da ya kamata a duba kafin a jona shi da wuta

Ƴan Nijar mazauna Faransa, Beljiyam da Jamus sun san kasuwannin tsofaffin kaya na ranar Lahadi, inda iyalai ke fito da tarkacen gida suna sayarwa. Cikin abubuwan da ake yawan cin karo da su akwai kwali mai ɗauke da ƙaramin jirgin ƙasa na lantarki, da taragansa da layin dogonsa da akwatin ba shi wuta. Wani ya saya don ƴaƴansa, wani ya sa a kwantena ya aiko gida tsaraba. Matsalar takan fara ne ranar da aka buɗe kwalin: a jona, jirgi ya ƙi motsi ko ya yi hayaƙi, a ce ya mutu. Sau da yawa da ransa ya iso, gaggawa ce ta kashe shi.

Abu na farko shi ne sanin wane iri ne. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, ya fito da ƙananan jiragensa masu layin milimita 16,5 a 1935. Suna aiki da wuta mai kai da komo ta volt 16, kuma suna ɗaukar ta daga tsakiyar layi ta wani siririn ƙarfe da ke jan ciki a ƙarƙashin kan jirgin. Shi kuwa Jouef na Faransa, da aka kafa a 1944 kuma masana'antarsa ta Champagnole ta rufe a 2001, wuta miƙaƙƙiya yake sha irin ta batir, volt 12, daga dogo biyun. A ido girmansu ɗaya ne, kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske, shi ya sa ake tarar da su a kwali guda. Amma idan aka ba injin Jouef wutar Märklin, gurnani zai yi ya ɗau zafi har ya ƙone. Idan kuma aka ɗora taragon Märklin a layin Jouef, ƙafafunsa na ƙarfe za su haɗe dogo biyun, wuta ta yanke.

Inda haɗarin ya wuce na asarar kuɗi shi ne taransfoma. Tsofaffin na Märklin masu jikin ƙarfe shuɗi sun haura shekara hamsin. Robar da ke rufe wayarsu ta bushe, ana lanƙwasa ta take farfashewa, kuma abin da ba a gani shi ne na ciki, inda waya tsirara ke iya taɓa jikin ƙarfen. Yaro ne zai riƙa murɗa shi, galibi a zaune ƙasa ba takalmi. An kuma ƙera su ne don volt 220, alhali Turai ta koma 230, don haka wutar da suke harbawa idan za a juya jirgi baya, wadda asalinta kusan volt 24 ce, tana zarcewa ta ƙone na'urar sababbin jirage. Wanda ya sayo Lionel daga Amurka kuwa, akwatinsa na volt 110 zuwa 120 ne. Soket ɗin Yamai ko Maradi zai cinye shi nan take. A ganina babu wata tsohuwar taransfoma da ta cancanci a bar wa yaro. A ajiye ta don ado, a nemi sabuwa.

Jirgin da ke aiki da wuta miƙaƙƙiya ana iya gwada shi ba tare da soket ba. A kwantar da shi a baya, a taɓa ƙaramin batir mai volt 9 a ƙafafun dama da hagu. In sun juya, injin lafiya lau, laifin na layi ne.

Kuma galibi na layin ne. Dauɗa da tsatsa ke hana wuta wucewa, sai jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa. Tsumma da ɗan alkol na kantin magani sun isa a goge dogo da ƙafafu. Soson ƙarfe na wanke tukunya shi ne babban kuskure: yana kankare rufin dogon, sannan maganaɗisun injin ya janyo ɓurɓushinsa ciki. A duba mahaɗar dogo ma, a matse wadda ta saki.

Idan inji na ƙara amma ƙafa ba ta juyawa, tsohon mai ne ya daskare a haƙoran giya kamar ƙaro. Kada a tilasta shi. A buɗe, a wanke, a sa sabon mai siriri da bakin allura, ɗigo ɗaya a kowane gurbi. Man gyaɗa ko man girki danƙo yake zama. Mai da yawa kuma yana gangarawa kan ƴan guntayen gawayin nan biyu da ke kai wa inji wuta, ya haɗu da baƙin garinsu ya toshe ramukan da ke tsakanin tagullar. Tsinken sakace yana fitar da shi. Gawayin da ya cinye ana samun madadinsa a Turai da araha, har na jiragen shekarun 1960, don haka mai aiko jirgi ya haɗo da su tun daga can.

Akwai cutar da ba ta da magani. Wasu jiragen, musamman na kafin shekarun 1950, an zuba su ne da tutiya mai gauraye da dalma. Da shekaru ƙarfen ke kumbura ya tsattsage har ya marmashe, kuma laima na ƙara masa sauri. Wanda ya ga tsaga kamar ta busasshen tabki a jiki ko a ƙafafu, ya bar wa mai shi kayansa komai arha.

Ta wannan ɓangaren bushewar ƙasarmu alheri ce. Abin tsoro a nan shi ne ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da mai ta riƙa cin giya, da zafin ɗakin kwano a watan Afrilu da ke lanƙwasa taragan roba irin na Jouef. A rufe layi da zane bayan wasa, a mayar da kan jirgi kwalinsa. Kwalin ma kada a yar, kada kuma a sake wa jirgi fenti: masu tara irin waɗannan kaya a Turai sun fi biyan kuɗi a kan mai ƙwarzane da ke cikin kwalinsa na asali fiye da wanda aka yi wa sabon launi.