Binciken garuruwan haihuwar kakannin Jamusawa

Binciken garuruwan haihuwar kakannin Jamusawa reshe ne na nazarin salsala, wanda sauye-sauyen iyakoki suka sa ya yi wuya. Kafin 1871 babu dunƙulalliyar ƙasar Jamus, sai masarautu irin su Prussia da Bavaria. A yawancin yankuna coci-coci ne ke riƙe da littattafan baftisma, kafin gwamnati ta wajabta rajistar haihuwa a faɗin daular a 1876. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Breslau ta koma Wrocław a Poland, Königsberg kuma ta zama Kaliningrad da ke Rasha a yau. Saboda haka mai bincike kan fara tantance tsohon sunan garin a kundin Meyers na 1912, sannan ya bibiyi rumbun adana takardun tarihi na ƙasar da garin ya faɗa cikinta.