Makaɗan da Ke Cikin Kwamfuta

Wani abokina makaɗin fiyano, wanda ya shekara fiye da goma yana yi wa mawaƙa kiɗa a situdiyo a Kano, ya zo mini wata rana da 'yar filas a aljihun gaban rigarsa. A ciki akwai kiɗa sama da ɗari uku da ya tara daga fiyanonsa na Yamaha, amma dukkansu a haɗe ba su kai nauyin hotuna huɗu na waya ba. Damuwarsa ita ce ya tura wa ƙaninsa guda biyu, ɗaya ya ƙi buɗuwa, ɗayan kuma da ya buɗe sai ya fito da wani irin sauti kamar na motar wasan yara. Ya ce mini, "Malam, kiɗan nawa ne, amma wallahi ba muryarsa ba ce." Yana so a mayar da su MP3 gaba ɗaya, a dare ɗaya in zai yiwu.

Zai yiwu. Sai dai abin da ke cikin filas ɗin nan ba sauti ba ne, kuma daga nan ne mutane da yawa suke ɓata hanya.

Fayilolin nasa irin waɗanda ake kira MIDI ne. Tsarin ya fito a 1983, bayan Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan sun ja gaba wajen sa kayan kiɗan lantarki na kamfanoni daban-daban su riƙa jin yaren juna. Abin da fayil ɗin MIDI yake ɗauke da shi umarni ne zalla: a danna maɓalli mai lamba 60, da ƙarfi kaza, a riƙe shi na tsawon kaza, a saki. Maɓallan suna da lamba daga 0 zuwa 127, ƙarfin dannawa ma haka, kuma akwai layuka 16 da kowanne zai iya ɗaukar abin kiɗa nasa. Shi ya sa kiɗan minti biyar yakan tsaya a 'yan kilobait. Kamar takardar da uwargida ta rubuta wa amarya yadda ake miyar taushe ce. Takardar ba ta da ƙamshi, kuma in aka ba mata biyu su bi ta, tukunya biyu daban za a sauke.

Saboda haka kalmar "juyawa" da ake amfani da ita tana ɗan ruɗarwa. Mai mayar da MIDI zuwa MP3 ba canjin kuɗi yake yi ba, inda dubu ɗaya take zama ɗari biyar biyu. Makaɗa yake ɗaukowa su kaɗa kiɗan daga farko, a naɗa. Makaɗan nan su ne kayan kiɗa na manhaja. Mafi sauƙinsu shi ne SoundFont, wanda kamfanonin E-mu da Creative suka fito da shi a shekarun 1990: fayil guda mai ƙarewa da .sf2, cike da guntattakin sautin da aka naɗo daga jita da ganga da sarewa na gaske. Sai kuma VST, tsarin da Steinberg na Jamus ya kawo a 1996, wanda daga 1999 ya ba da damar a jona cikakken abin kiɗa a cikin manhajar situdiyo. Wasu daga cikin irin waɗannan, fiyano guda ɗaya tak sai ya ci gigabait masu yawa, don an naɗi kowane maɓalli sau da dama, a hankali da kuma da ƙarfi. Shi kuwa makaɗin da yake zuwa kyauta a cikin Windows, duk kayansa ba su wuce kamar megabait uku ba. Da irinsa ne aka yi wa abokina kiɗan motar yara.

Akwai wani wurin da abin ya shafe mu kai tsaye. A 1991 aka yi yarjejeniyar General MIDI, wadda ta jera kayan kiɗa 128 ta ba kowanne lamba, ta kuma keɓe layi na 10 ga ganguna. A jerin akwai sitar ta Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba, har da ƙarar jirgi mai saukar ungulu da harbin bindiga. Babu kalangu, babu goge, babu algaita, babu kukuma. Makaɗan finafinan Hausa sun daɗe suna dabara a kan wannan giɓi, su laluba cikin fiyano su samo muryar da ta yi kama da sarewa ko algaita su yi aiki da ita. Matsalar ita ce da yawa daga cikin muryoyin nan ƙari ne da Yamaha ya yi a kan jerin gama-gari. In ka miƙa fayil ɗin ga SoundFont da bai san su ba, ba zai ce maka bai gane ba. Zai ɗauko abin da ya fi kusa da lambar ya kaɗa, ko ya yi shiru a wannan layin, ya wuce abinsa.

Bayan an kaɗa, abin da ake samu shi ne WAV, wato sauti ɗanye. A ma'aunin faifan CD ana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma minti ɗaya yana cin kusan megabait 10. Kiɗa ɗari uku masu minti biyar-biyar sun tasam ma gigabait 15 ke nan. A nan MP3 yake shigowa. Masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su ne kan gaba wajen ƙirƙiro shi, kuma a 1995 aka raɗa masa sunan da muka san shi da shi. Dabararsa ta dogara ne da raunin kunnen ɗan Adam. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yin raɗa a kusa da injin niƙa ya san ƙara mai ƙarfi tana binne ƙarama. MP3 yana lissafa abin da aka binne ya zubar da shi, tunda dama ba za a ji ba. A kan awon matsi na 128, minti ɗaya yana komawa kusan megabait 1. A kan 320, wanda shi ne ƙololuwa, kusan biyu da rabi.

To, yaya ake yin ɗari uku a tashi ɗaya? Mu da FluidSynth muka yi, manhaja ce ta kyauta da take karɓar MIDI da SoundFont ta fitar da WAV ba tare da ta jira kiɗan ya yi tsawon lokacinsa ba. Na minti biyar sai ta gama shi cikin daƙiƙoƙi. Sai LAME ko FFmpeg su karɓa su matse. Umarnin da ke haɗa su bai wuce layi huɗu ba, ma'anarsa kawai: shiga foldar nan, duk fayil ɗin da ka gani ka yi masa kaza, ka ajiye shi a can da sunansa. Wanda ba ya son baƙin allon rubuta umarni, manhajojin situdiyo irin su Reaper suna da layin jira inda za ka jera ayyuka ka tafi. In VST mai nauyi ne, abin yakan ɗauki lokaci, sai a tabbata akwai mai a inji.

Mun kunna, mun fita cin tsire, mun dawo mun tarar an gama. Murna ta koma ciki da muka sa iyafis. Laifin namu ne: mun ga sautin ya yi ƙasa a kiɗan farko, wanda sarewa ce kaɗai da 'yar jita, sai muka ƙara ƙarfi sosai. Duk kiɗan biki da ke da ganguna da yawa sai ya fashe, yana ƙarar tsagewa kamar lasifikar da ta sha ruwa. Wasu kuma an datse musu wutsiya, domin fayil ɗin yana ƙarewa ne daidai inda yatsa ya bar maɓallin ƙarshe, amon da ya kamata ya biyo baya ya dusashe bai samu wuri ba. A guda goma sha ɗaya kuwa abokina ya sa gangunansa a wani layi ba na 10 ba, sai ga fiyano yana ta buga abin da ganga ya kamata ta buga, kamar mahaukaci ya samu maɓallai. Kwamfuta ba ta gajiya, kuma ba ta tambaya. Kuskure ɗaya ta maimaita mana shi sau ɗari uku cikin biyayya.

Da muka sake, sai muka zaɓi biyar tukuna: mafi sanyi, mafi hayaniya, mafi tsawo, da biyu masu baƙin muryoyi. Muka saita ƙarfin da mai hayaniyar, muka bar daidaita sauran zuwa bayan naɗi, muka ƙara daƙiƙa uku na shiru a ƙarshen kowanne. Na zaɓi awon 192, don a ganina 128 yana sa kuge da kacau-kacau su riƙa wani shuu kamar ana watsa ruwa, 320 kuma ɓarnar memori ce ga wanda zai saurara a waya cikin Keke Napep.

Abu ɗaya da na nace masa a kai shi ne kada ya goge fayilolin MIDI na asali. Abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa, kuma in aka matse wanda aka riga aka matse, kamar yadda wasu masu tura waƙoƙi a kasuwa suke yi don memori ya ɗauki da yawa, kowane zagaye sai an ƙara yin asara. MIDI ɗin kuwa ko bayan shekara goma aka samu makaɗa da suka fi na yau, sai a sake kiransu. WAV ɗin ma muka mayar da su FLAC, wanda yake rage nauyi zuwa wajen rabi ba tare da ya zubar da komai ba. (Waƙoƙin wasu da ya kwaikwaya don koyo kuwa na ce ya ware su gefe, sake kaɗa waƙar mutum da kwamfuta bai mayar da ita taka ba.)

Goma sha ɗayan nan masu matsalar ganguna da hannu ya gyara su, ɗaya bayan ɗaya, ya kwana biyu a kai. Yanzu kuma ya ɗauko wani aikin: ya kira wani makaɗin kalangu situdiyo, yana naɗar kowane bugu daban don ya haɗa SoundFont nasa. Bugun ya samu. Inda ya maƙale shi ne matsar tsirkiya a hammata, wadda take sa kalangu ya lanƙwasa murya ya kira sunan mutum. Har yanzu yana gwada ta da 'yar tayar lanƙwasa sauti da ke gefen hagu na fiyano, makaɗin kalangun kuma yana zaune a kan benci yana girgiza kai.